Baƙin Fulogi a Hanyar Gusau

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga mahaifinka, Ƙofar Kware, birnin Sakkwato, zuwa ga ɗana Abba a Jega.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maigidanka da duk wanda ya ba ka ruwa ka sha tun saukarka. Allah Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe, Ya tsare waɗanda za ka riƙa ɗauka, Ya sa kullum ka kwana inda ka yi niyya. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Gida kowa lafiya, ba zan cika ka da labari ba.

Ranar da ka tafi na raka ka tasha da niyyar in yi maka magana, sai na ɓige da duba tayoyin motar da za ka shiga har ta tashi. Mun daɗe muna aiki tare, amma in aka tara zancen da ke tsakaninmu bai wuce "miƙo sufana" da "murɗa mu ji" ba. To ga sauran na zuba maka a takarda.

An ce motar da aka damƙa maka tsohuwa ce, ta sha hannu. Na ji daɗi ƙwarai, don irinta ce ta mai da ni direba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, duk ranar da ta ƙi tashi, ko ta fara ɗingishi tana tari, ka fara da fulogi. Shi ke zaune cikin wutar, shi ya ga abin da ya faru. Na san hannunka da saurin kai wa kafireto, mai gauraya fetur da iska. A wurina ka gado, kuma bari ka ji inda saurin ya kai ni.

Lokacin da na fara tuƙi motocin garin nan ba su da yawa, in ɗaya ta wuce sai ka ga mata na leƙowa ta kan danga. Maigidana shi ne Malam Bawa mai fatu na Ƙofar Atiku. Ya sayi wata tsohuwar mota mai rufin tamfol a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu, irin wadda sai an murɗa ƙarfe a gabanta take tashi. Mutanen unguwa suka sa mata suna Mai-tari. Wanda ya koya mini ita kuwa Sajan Garba ne, tsohon soja da ya tuƙa mota a yaƙin Jamus, mutum mai ƙaramin jiki da babbar dariya.

Fitata ta farko ni kaɗai, an aike ni Kware ɗauko fatu. A tsakiyar hanya mota ta soma ɗingishi, tana jijjiga kamar mai masassara. Ban tsaya wani tunani ba na kwance kafireto na wargaza shi a kan yashi, don na taɓa ganin Sajan ya yi haka. Da na zo haɗawa sai na ga babu 'yar allurar nan da ke tsare fetur. Na rarrafa, na tona, babu ita. Wasu mata da ke dawowa daga kasuwa suka tsaya suna kallona. Wata tsohuwa a cikinsu ta ce, "Ɗana, mi ka ɓatar, zinariya?" Da na kwatanta mata sai ta sauke kayanta ta ciro rariya, sauran ma suka durƙusa, suka shiga tankaɗe yashin hanya suna yi mini waƙar zolaya. Su suka samo ta. Na haɗa kafireto, na murɗa, mota ta tashi da ɗingishinta yadda take, ko kaɗan bai ragu ba.

Haka na lallaɓo da ita gida. Sajan Garba ya saurare ta, ya ɗauki sukuddireba mai ƙotar itace yana taɓa kan fulogi ɗaya bayan ɗaya, yana haɗa shi da jikin inji. Kowanne ya taɓa sai karar inji ta ƙara faɗuwa, sai ɗaya da ya taɓa karar ba ta sauya ba. Ya ce, "Ga malalacin nan, dā ma ba ya aiki." Ya kwance shi, sai ga tangaran ɗinsa ya tsage. Ya sa wani, mota ta miƙe. Ya dube ni yana dariya ya ce, "Haƙori ke mata ciwo, kai ka farke ciki."

Don haka, Abba, ka fara da abin da ke kusa kuma mai sauƙin dubawa. In kuma dole ta sa ka buɗe kafireto a daji, shimfiɗa rigarka tukuna ka zuba kayan a kai. Ba kullum ake dace da mata masu rariya ba.

Da na gane darajar fulogi sai na zaƙe. Wata safiya a bakin kasuwa na kwance duka huɗun, na zuba su a ƙoƙo na wanke da fetur tas, na mayar, na cusa wayoyin yadda hannuna ya kai. Ina murɗawa sai ta buga wata ƙara kamar bindigar maharba. Akwai wani mutumin Gwadabawa da ya ɗaure jakunansa kusa, ɗauke da albasa. Jakuna suka tsinke, mangala ta kife, albasa ta bi kasuwa. Rabin safiyar nan ni da shi muka yi muna tsinta a ƙarƙashin rumfunan mutane. Da farko zagina yake yi, kafin mu gama yana ba ni labarin aurensa. Shi ne mai aiko mana da albasa duk kaka, wanda kuke kira Baffa, in ba ka san mafarin zumuncin ba.

Abin mamaki, Sajan bai damu da jakunan ba. Ƙoƙon ne ya ɓata masa rai. Ya ce, "Shaidu huɗu suka zo su gaya maka gaskiya, ka yi musu wanka kafin su buɗe baki." Ranar ya zaunar da ni gindin durumin ƙofar gidansa, ya juye wani gwangwani cike da tsofaffin fulogai, yana miƙo mini ɗai-ɗai. Ga abin da ya koya mini, kuma ban taɓa samun sa da ƙarya ba.

Ka bari inji ya huce, ka kwance su bi da bi, ka jera yadda suke a jikin mota, kowace waya ka san gidanta. Sannan ka dubi bakin kowanne kafin ka goge komai. In ka ga launinsa kamar gyaɗar da aka soya daidai, ja-ja mai ɗan haske, a bushe, to lafiya lau yake, mai da shi ka nemi ciwon a wani wuri. In baƙi ne a bushe, mai laushi kamar kunkunniyar ɗakin girki, yana bin yatsa, fetur ya yi wa mota yawa iska ta yi kaɗan, kuma za ka ga baƙin hayaƙi na fita ta salansa. In baƙin mai danƙo ne yana sheƙi, baƙin mai ke haurowa don zoben fistin ya gaji, hayaƙinta kuma shuɗi-shuɗi ne. In a jiƙe yake yana warin fetur, wuta ce ba ta zuwa, ko kuwa ka cika ta da mai wajen tayarwa. In ya yi fari fat kamar toka har bakinsa ya soma cinyewa, wannan ya fi baƙin haɗari, zafi ne ya yi yawa, mai ya yi kaɗan. Kada ka ce bari in ƙarasa gari, tsaya nan ka nemi inda iska ke satar shiga.

Ya ƙara da cewa in ɗaya ne ya lalace, laifin na ɗakin da yake zaune a cikin inji ne ko wayarsa. In duka huɗun suka yi kama ɗaya, laifin na wanda ke ciyar da su ne gaba ɗaya. In za ka gwada wuta, ɗora fulogin a jikin inji wani ya murɗa, ka ga ko tartsatsin shuɗi ne mai ƙarfi ko ja-ja ne mai sanyi. Kada ka riƙe shi da hannu. Ni na riƙe, kuma Sajan ya ce bai taɓa ganin mutum ya yi irin wannan rawa ba tare da kalangu ba.

Yanzu ga wanda na fi so ka ji, don da kai a ciki.

Ka san kakanka na wajen uwa, wanda aka sa maka sunansa shi ya sa muke ce maka Abba. Abin da ka sani shi ne tsoho mai farin gemu da ke ba ka dabino. Masaƙi ne, kuma ya tafi Makka da ƙafa tun innarka tana 'yar ƙarama. Ya bi ta gabas, in guzuri ya ƙare ya zauna wani gari ya yi saƙa, in ya samu ya ƙara gaba. Shekaru suka yi ta wucewa ba labari, har wasu suka ce ya rasu. Ƙanensa ne ya ba ni aurenta, ni ban taɓa ganinsa ba, shi ma bai san da ni ba.

Kai ne ɗanmu na fari. Innarka tana gidansu a Ƙofar Atiku tana wankan jego, ana shirin suna, sai ga waya daga Gusau zuwa ga Malam Bawa, da yake maƙwabcinsu ne, wai tsohon ya sauka daga jirgin ƙasa. Unguwa ta ɗauka. Malam Bawa ya kira ni ya ce, "Ka ɗauki Mai-tari ka tahi. Ina son tsohon nan shi zauna kan tabarmar sunan jikansa."

Hanyar Gusau a lokacin yashi ce da gargada, ragar da ke tace iska a bakin kafireto kuma ta yage. Na ji tsoron yashi ya shiga inji. Na shiga ɗakin innarka na buɗe adudunta, na tarar da wani tsohon ɗan zane can ƙasa, baƙi da ratsin fari. Na ce wannan tsumma ne, na ninka shi biyu na ɗaure bakin kafireto da shi tam. Har ina yaba wa kaina dabara.

A tafiya ba ta ba ni wahala sosai ba, sai dai na ga tana shan fetur fiye da kullum. Na kwana Gusau, da safe na sami tsohon a gidan da ya sauka, siriri, baƙi, da ƙunshin kayansa da buta. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Malam Bawa ya aiko ni, kuma ɗiyarsa ta haifi namiji, gobe suna. Ya ɗaga hannu sama ya daɗe bai sauke ba. Amma in ce masa ni ne mijin, kunya ta hana ni. Na ce a raina in mun isa gida manya su gabatar da ni.

Muna cikin tafiya ya ce, "Yaro, kai da kake unguwar, ka san mijin ɗiyata?"

Na ce, "Na san shi, Alhaji."

"Wane irin mutum ne?"

Na ce, "Ana dai cewa ba shi da laifi."

"Mi yake yi?"

"Yana taɓa aikin ƙarfe."

Ya ce, "Awo. Allah Ya sa mai natsuwa ne." Na ce amin.

Muna wuce Talatar Mafara mota ta soma tari, ƙarfinta ya ragu, daga nan ta mutu. Na jira ta huce na kwance fulogai na jera. Duka huɗun baƙi ƙirin, a bushe, kunkunniya na bin yatsa. Na kankare su da burushin waya, na mayar, ta tashi. Ba mu yi nisa ba ta sake. Na duba cok, wato abin da ake ja a toshe iska in za a tada ta da sanyi, na ga a buɗe yake. Na rage mai a kafireto, na sake gogewa, muka ɗan taɓa gaba, ta sake tsayawa kusa da wata tsamiya. La'asar ta yi, Sakkwato da saura, hanya ba mota ko ɗaya. Na san karatun sarai, fetur ya yi yawa iska ta yi kaɗan. Amma ko sau ɗaya ban zargi tsumman ba, don ni na ɗaura shi, kuma don alheri na ɗaura.

Muka yi salla a gindin tsamiyar. Da muka sallame tsohon bai koma mazauninsa ba, ya zo ya tsaya kusa da ni yana leƙen inji. Ya ce, "Mi ke damunta?"

Na nuna masa fulogi na ce, "Numfashi ne ba ya isarta, Alhaji, na kuwa rasa abin da ya shaƙe ta."

Ya ce, "Ta ina take numfashin?"

Na nuna masa. Ya kai hannu ya taɓa zanen, wanda ƙura ta riga ta yi wa ɓawo. Ya murza gefensa tsakanin yatsu biyu, ya kakkaɓe, ya sunkuya yana bin ratsin da ido.

Ya ce, "Kwance shi."

Na kwance na miƙa masa. Ya warware shi, ya ɗaga wa rana, ko ɗigon haske bai ratso ba. Ya ce, "Wanga saƙata ce. Ni na saƙa wa ɗiyata shi ana gobe zan tahi, na buga shi da ƙarfi don kada shi mutu kafin in dawo. Ruwa ma da ƙyar yake ratsa shi, balle iska. Yaro, ina ka same shi?"

Ƙasa ba ta tsage ba balle in shige. Na durƙusa nan cikin yashi na ce, "A adudun iyalina na ɗauko shi, Baba."

Ya dube ni sama da ƙasa. Can ya ce, "Kai ne mai taɓa aikin ƙarfen?"

Na ce, "Ni ne."

"Wanda ake cewa ba shi da laifi?"

Na sunkuyar da kai. Sai ya fashe da dariya, yana yi hawaye na zuba cikin gemunsa, ya rungume zanen a ƙirji. Ya ce, "Ashe ta ajiye shi. Duk shekarun nan ta ajiye shi." Ya kama kafaɗata ya tashe ni, ya ce, "Tashi, ɗana, ba ta iska ta sha. Muna da suna gobe."

Na goge fulogai karo na ƙarshe, na daidaita bakinsu, na ɗaura su da yatsa tukuna sannan na ɗan ƙara da sufana. Tsohon ya ciro wani yanki na rawaninsa mai shara-shara ya ce in sa wannan a madadin. Murɗawa ɗaya ta tashi, ta yi aman baƙin hayaƙi, sannan muryarta ta washe. Tun da nake da Mai-tari ban taɓa jin ta yi gudu irin na yammacin nan ba. Tsohon ya dawo gaba kusa da ni, yana nuna mini garuruwa yana faɗin yadda ya bar su, yana tambayata kamannin jaririn, wai hancin wa ya ɗauko.

Ana kiran magariba muka shiga Ƙofar Atiku. Mutane sun cika ƙofar gida tun azahar. Innarka, da aka hana ta fita saboda jego, ta tsaya a bakin zaure da kai a hannu. Ba ta gane shi ba, shi ma ya tsaya yana duban matan da ke wurin. Sai ya ɗaga zanen. Abin da ya biyo baya ba zan iya rubutawa ba, ka tambaye ta wata rana. Washegari shi ya yi maka huɗuba ya sa maka albarka, kuma kafin a raba goro duk wanda ya zo sunan ya ji labarin mai taɓa aikin ƙarfe. Har ya bar duniya, in ya gan ni sai ya ce, "Ina wanda ba shi da laifi?" Innarka kuwa ta yafe mini komai ban da kiran zanenta tsumma.

To Abba, ka ga goge fulogi ba magani ba ne. In ka goge ya sake baƙi, abin da ke baƙanta shi yana nan, kuma ka fara binciken daga abin da hannunka ya taɓa na ƙarshe, ko da kyakkyawar niyya ka taɓa. Kada ka bar mota tana ta aiki a tsaye kana hira a tasha, wannan ma na tara kunkunniya. In inji ya yi ɗumi ka mai da cok. Ka riƙa tafiya da fulogi na ajiya naɗe cikin ƙyalle, kada tangaran ya fashe. In ka ga mai danƙon nan, kana iya gasa shi a garwashi ya kai ka gida, amma ka gaya wa maigidanka gaskiya cewa inji na son buɗewa, tun bai tsaya muku da kayan mutane a daji ba. In fasinja ya leƙo yana tambaya, ko bai san komai game da mota ba, ka amsa masa da ladabi ka nuna masa. Kuma duk inda ka je ka faɗi ko kai wane ne tun farko, ya fi sauƙi.

Kada ka bar salla don sauri, garin da za ka yana nan ba ya gudu. Kada ka tuƙa kana jin barci. Ka girmama maigidanka, ka gai da mutanen kowane ƙauye da ka ratsa, ka rage gudu in ka ga awaki ko yara.

Innarka na tsaye a kaina tun ɗazu. Ta ce ba ta da saƙo, kasancewar kai ɗan fari ne ba ta ko kama sunanka. Amma ta ce in rubuta cewa "wancan yaron" ya riƙa cin abinci a zaune, kuma akwai yaji da kuka a ƙunshin da mai kawo takardar nan zai ba ka. Ta juya baya tana gyara abin da ba ya son gyara, na san kuka take yi, na kuma san na daɗi ne.

Allah Ya yi maka albarka, Ya buɗa maka hanya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a kowane zango. Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. In ka samu hutu da salla ka zo da motar har ƙofar gida. Ba don in duba aikinka ba. So nake in zauna a gefenka, in naɗe hannuwana, ka zaga da ni gari kowa ya gani.

Wassalam.

Mahaifinka.